Facin Safiyanu da Shanun Baffa Jalo

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san Safiyanu Bakari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn nan mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare, wanda yake bin kara layi-layi da ɗan littafi a hannu. Ba ya taya dabba, ba ya shiga ciniki. Tambaya kawai yake yi: daga ina aka koro waɗannan, an yi musu allura, akwai mai tari a ciki? Dillalai suna ce masa Malamin Inji. Kafin abin da ya faru a watan Oktoban bana, 1999, babu wanda yake ɓoye masa amsa.

A wata ruga kusa da Mamudo aka haife shi. Yana da shekara goma sha uku ciwon bushiya ya shiga garken mahaifinsa, a 1983, cikin shanu sittin da ɗoriya aka tsira da huɗu. Abin da ya tsaya wa yaron a rai ba mutuwar shanun ba ce. Daga baya suka ji cewa cutar ta yi mako uku tana ɓarna a gabas kafin ta iso gare su, kuma babu wanda ya kawo musu labari. Mahaifin nasa, Bakari, ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Yerimaram a Potiskum, ya zauna a gari kamar wanda aka ɗaure, har ya rasu yana cewa, "Da mun ji, da mun tashi."

Mahaifiyarsa, da kowa yake kira Dada, ita ta riƙe gidan da sayar da nono. Talauci bai canja mata hali ba. Baƙo in ya yi sallama, kafin ya gama gaisuwa ƙwarya tana gabansa. A wurinta tambayar baƙo ko zai sha rowa ce da aka yi wa ado. A kan wannan Safiyanu ya tashi, bai taɓa tunanin akwai wurin da wannan tarbiyya za ta cuci wani ba.

Bayan sakandare ya koyi buga tafireta, ya yi shekaru yana buga wa ƙungiyar dillalai takardu. A 1996 Hajiya Falmata, mai shagon waya da fakis da fotokwafi a Hausari, ta sayo tsohuwar kwamfuta ta ɗauke shi aiki. Babarbariya ce, shi Bafillace, don haka wasa bai taɓa yankewa a shagon ba.

"Bawana, ka taɓa ganin saniyar da ake tatsa da yatsa goma?" in ji ta ranar farko.

"Hajiya, in ta ƙi ba da nono sai mu mayar da ita Barno, can ta saba da yunwa."

Wani mai hidimar ƙasa da ya zauna a unguwar ya bar masa littafin koyon rubuta wa kwamfuta umarni, bangonsa duk ya yage. Safiyanu ya cinye littafin shafi-shafi. Da Hajiya ta haɗa shagon da intanet ta layin waya, inda ake buga wa wani kamfani a Kano, sai ya buɗe wa kasuwa shafi. Duk Laraba yake sa labarin lafiyar dabbobi: inda aka ga ciwon huhu, inda ake allura, hanyar da ya kamata masu kora su kauce wa.

Ba shi ya ƙirƙiro abin da yake gina shafin ba. Wani tarin umarni ne da ake kira laburare, wanda wani malamin jami'a a ƙasar Holan ya rubuta ya saki kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, in gyaran ya yi kyau a aika masa ya haɗa da na kowa. Irin wannan gyara faci ake ce masa. Safiyanu yana rubuta kowane labari a fayil ɗinsa, ya zuba su a folda ɗaya, laburaren ya mayar da su shafi. Labarin da bai tabbata ba yakan rubuta masa alama a layin farko, shafin sai ya tsallake shi.

A damina wata ƙungiya mai sa ido kan cututtukan dabbobi a Ibadan ta aiko masa da imel. Suna son labaransa, amma ba su da mai zaman karanta shafuka. Wata sabuwar hanya ta fito bana, RSS, wadda ake jera kanun labarai a fayil guda yadda na'ura za ta iya ɗauka da kanta. Na'urarsu za ta leƙo kullum ƙarfe goma na safe, Litinin zuwa Juma'a, ta buga duk sabon abin da ta samu, sakatariya ta tura ta fakis zuwa shingayen duba dabbobi da ke hanyoyin kudu. Laburaren bai san wannan hanya ba. Safiyanu ya yi mako biyar yana koya masa, tsakanin masu zuwa buga waya da ɗaukewar wuta. Da ya gama ya aika wa mutumin Holan facinsa.

Amsa ta zo bayan kwana huɗu. Mutumin ya yaba aikin, amma ya ce ba zai haɗa shi ba sai an gyara abu ɗaya. A yadda Safiyanu ya rubuta, sabon ɓangaren yana tashi da kansa, ya kwashe duk abin da ya tarar a folda. Ya kamata ya zama na zaɓi: ya zauna shiru sai an tashe shi, kuma kada ya ɗauki labari sai wanda mai shi ya ce a ɗauka.

Safiyanu ya karanta sau biyu, ya ture kujera baya.

"Hajiya, kin ji rowar Turawa? Wai sai mutum ya roƙa kafin a ba shi labari. Wanda bai san akwai abu ba, ta yaya zai roƙa?"

"To ka bar masa kayansa mana. Kai da ba ka iya riƙe baki ba, injinka ma haka."

Ya yi dariya, ya bar facin yadda yake a tasa kwamfutar. Ya ce zai amsa wa mutumin in ya samu lokaci. Wata guda aikin ya yi yana tafiya lafiya.

Ranar Laraba ta biyu a Oktoba, Baffa Jalo, aminin marigayi Bakari, ya kawo shanu talatin da biyu da zai loda zuwa Anacha. Ba duka ne nasa ba. Shida na Aisa ne, matar ƙanensa da ya rasu ya bar mata 'ya'ya, su ne abin da ya rage mata. Da hantsi Mallam Maigandi, malamin dabbobi, ya ji wani bijimi a cikinsu yana tari, ya ce a ware shi zai dawo ya duba. Safiyanu ya koma shago ya rubuta: ana zargin ciwon huhu a shanun Jalo, tirela mai lamba kaza. Ya sa masa alamar ba a tabbatar ba. Bayan azahar Maigandi ya duba bijimin da kyau, ya zaro masa guntun leda daga maƙogwaro, ya rubuta wa shanun takardar lafiya. Aka loda su da la'asar. Safiyanu ya tura labaran mako, ya buɗe shafi ya duba, babu maganar Jalo a ciki. Fayil ɗin da na'ura take karantawa kuwa bai buɗe ba. Bai taɓa buɗe shi ba tun da ya ga yana aiki.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe huɗu wayar shago ta yi ƙara. Ɗantala ne, direban tirelar, daga wani shagon waya a hanyar Makurɗi.

"Malam, an tsare mu tun sha biyu. Sun ce fakis ya zo daga Ibadan da lambar motata, wai ciwon huhu."

"Ba ka nuna musu takardar Mallam Maigandi ba?"

"Na nuna. Jami'in ya ce takardarsa ta fi tawa sabunta. Ya ce Ibadan ta tsare, Ibadan za ta saki. Kuma ba za a sauke ko ɗaya ba, kada su shafa wa na gari. Da bokiti muke ba su ruwa. Biyu sun kwanta, sauran suna taka su."

Safiyanu ya rubuta lambar shagon da Ɗantala yake bugowa. Ya buɗe fayil ɗin. Ga shi nan a layi na uku, da sunan Jalo da lambar mota, babu alamar komai, domin bai taɓa koya wa facinsa duba layin farko ba. Ya zauna yana kallon rubutun. Hajiya ta dube shi, a karon farko ba ta kira shi bawanta ba.

"Safiyanu, mene ne?"

"Ni na tsare su, Hajiya."

Ba shi da lambar wayar mutanen Ibadan, duk hulɗarsu ta imel ce, kuma sun taɓa gaya masa imel yakan yi kwanaki ba a buɗe ba, na'urar ce abin dogaro. Goge labarin ma ba zai wadatar ba, tunda sabo kawai take bugawa. Sai ya rubuta sabon labari mai ƙaryata na farko, ya isa kafin ƙarfe goma na safiyar Juma'a. In ya wuce, sai Litinin. Shanun da aka loda tun Laraba ba za su kai Litinin a tsaye cikin ƙarfe ba.

Yana cikin haɗa modem, na'urar da take sada kwamfuta da layin waya, hadarin da ya taso daga gabas ya sauko da iska. Wuta ta ɗauke. Hajiya ta tayar da janareto, Safiyanu ya ɗaga kan waya, babu ko ƙara. Ya hau acaɓa cikin ruwa ya zaga shaguna uku da gidan wani alhaji mai waya, duk labari ɗaya: layin garin gaba ɗaya ya mutu.

Kafin magariba ya gyara facin yadda mutumin Holan ya ce tun farko. Layi goma sha ɗaya ne kacal. Sannan ya tafi gidan Baffa Jalo.

Ya same shi a ƙofar gida yana alwala. Ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba, bai kawo sunan Maigandi ko iska ba. Jalo ya gama wanke ƙafarsa ta hagu, ya ajiye buta.

"Wannan injin naka, shi ya ji tarin bijimin?"

"A'a, Baffa. Ni na rubuta na ajiye. Shi ya ɗauka ya kai."

"Ka aike shi?"

"Ban aike shi ba. Amma ni na koya masa ya kai duk abin da ya gani."

Jalo ya miƙe, ya ɗauki butarsa.

"Ina ake samun waya mai rai?"

"Damaturu, in Allah ya so."

"To da asuba."

Da gari ya waye suna tasha. Jalo ya ɗauki shatar wata tsohuwar Fijo don kada a tsaya jiran fasinja. Safiyanu ya rungume akwatin kwamfuta a cinya, Jalo ya karɓi allon kwamfutar mai nauyi ya ɗora a tasa, ya naɗe shi da gefen babbar rigarsa saboda gargada. Duk tirelar shanu da suka wuce sai Safiyanu ya kau da kai. Bayan Damagum tayar baya ta yi faci, safayar kuma babu isasshiyar iska, direba ya tafi da ita a hankali yana ba da haƙuri. Ƙarfe tara saura suka shiga Damaturu.

Shagon farko a rufe yake. Mai na biyu ya ce ba ya barin a jona baƙon inji a layinsa, an taɓa ƙona masa fakis. Jalo ya ajiye allon a kan teburinsa a hankali.

"Ɗana, shanu talatin da biyu ne a cikin mota tun shekaranjiya. In wayarka ta ƙone, ga ni, ba zan tashi daga nan ba."

Mutumin ya dubi farin gemun, ya zare wayar fakis ɗinsa ya miƙa wa Safiyanu.

Ƙarfe tara da kwata Safiyanu ya fara rubutu. Jalo ya ja benci ya zauna kusa da shi.

"Fassara mini abin da kake cewa."

"Na ce labarin ciwon huhu a shanun Jalo kuskure ne. Malamin dabbobi ya duba su ranar Laraba, lafiyarsu ƙalau, takardar da ke hannun direba gaskiya ce. Na ce a saki motar."

"Ka ce kuskuren wa?"

"Nawa, Baffa. Na sa sunana da na mahaifina."

"Cire na mahaifinka."

Safiyanu ya goge. Modem ya buga Kano, ya yi kukansa mai kama da na ƙarfe a kan dutse, ya yanke. Ya sake bugawa, layi a cike. Karo na huɗu ya kama. Fayilolin suka tafi a hankali, agogon bangon shagon yana nuna goma saura ashirin da biyu. Safiyanu ya sauke numfashi, har ya kai hannu zai kashe. Sai ya tsaya. Ya buɗe fayil ɗin da na'urar Ibadan za ta karanta, daga can inda ya tura shi.

Babu komai a ciki. Suna ne kawai da kwanan wata.

Facin ya yi daidai abin da aka koya masa jiya: ba ya ɗaukar labari sai an ce ya ɗauka, shi kuwa cikin gaggawa bai sa wa sabon labarin alamar a ɗauka ba. Ya sa alamar. Ya sake gina fayil ɗin. Yana fara turawa layin ya yanke.

"Me ya faru?" in ji Jalo.

"Bai tafi ba tukuna."

"Saura nawa?"

"Minti goma sha huɗu."

Wata mata ta shigo za ta buga waya Maiduguri, mai shagon ya roƙe ta ta jira a waje. Modem ya yi kuka, ya yanke. Ya yi kuka, ya yanke. Jalo ya ciro carbi amma bai ja ba, ya dunƙule shi a hannu kawai. Goma saura shida layin ya kama. Fayil ɗin ƙarami ne, cikin daƙiƙu ya wuce. Safiyanu ya buɗe shi ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma, kamar mai biya allo. Labari ɗaya ne a ciki, shi ne wanda ake so. Ya tura imel ma, ko Allah zai sa wani ya buɗe.

Daga nan babu abin yi sai jira. Ba su da hanyar sanin ko na'urar ta leƙo, ko sakatariyar ta zo aiki, ko akwai takarda a fakis ɗin shingen. Don kada zaman ya kashe shi, Safiyanu ya aika wa mutumin Holan gyararren facin da layi biyu: na mayar da shi na zaɓi, kana da gaskiya. Bayan mako biyu aka haɗa shi da laburaren, sunan Safiyanu ya shiga jerin waɗanda suka taimaka. Har yau bai nuna wa kowa ba.

Sun buga wa shagon hanyar Makurɗi ƙarfe sha ɗaya da rabi, aka kira Ɗantala, ya ce shiru. Suka tafi masallacin Juma'a. Safiyanu bai iya tuna ko kalma ɗaya daga huɗubar ba. Da suka dawo aka sake bugawa, aka ce an je kiransa. Jalo ya karɓi kan wayar da kansa, ya riƙe shi nesa da kunne kaɗan yadda Safiyanu zai ji.

"Alhaji, fakis ya zo ƙarfe ɗaya. Jami'in ya sa hannu, yanzu zan tayar da mota."

"Nawa ne a tsaye?"



"Ashirin da tara. Uku mun yanka da safe kafin su mutu, mahautan nan suka kwashe. Sauran sun rame, amma za su kai."

"Waɗanne?"

"Bijimin nan mai tari, da farare biyu masu tsaga a kunnen dama."

Jalo ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ajiye wayar. Ya zauna a benci, ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

"Masu tsaga a dama na Aisa ne," ya ce.

"Baffa, ni zan..."

"Ban tambaye ka komai ba, ɗan Bakari. Abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Amma ni ban san yadda ake faɗin wannan abu ba. In na ce mata inji ne, za ta ce na raina mata hankali."

Ya miƙe, ya sunkuya ya ɗauki allon kwamfutar, ya gyara shi a ƙirjinsa.

"Gobe da hantsi za ka raka ni gidanta. Kai za ka yi mata bayani."

"To, Baffa."

Safiyanu ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wa mai shago layinsa, ya ɗauki akwatin ya bi bayansa zuwa tasha.